Malam Silvanus da Kunnen Wule

Wanda duk ya zauna a Kafanchan a shekarun da kukan jirgin ƙasa ke tashin mutane da asuba ya san Malam Silvanus. In bai san fuskarsa ba, ya san aikinsa. Ɗan allon tagullar da ke manne a ƙofar ofishin hedimasta, da wanda ke jikin bencin majami'a ɗauke da sunan mamacin da iyalinsa suka ba da bencin, da rubutun da ke gindin kofin gasar mawaƙa, duk daga hannunsa suka fito. Siririn mutum ne, mai gajeren wando na kaki da doguwar safa, fensir a bayan kunne, rular ƙarfe a aljihun gaba. Matarsa Magdalene takan ce ko rogo ta ba shi ya raba wa yara, sai ya fito da rular nan tukuna.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Fadan Kaje. Ya shiga makarantar mishan yana ɗan shekara goma sha ɗaya, bayan ubansa ya tabbata ba zai taɓa zama manomin kirki ba. Yaron da za a ce ya tayar da kunya goma kafin rana ta take, sai a zo a tarar da shi a kan ta biyu yana gyara mata gefe. A makaranta muryarsa ba ta yi wa kowa daɗi ba, tun a makon farko aka sallame shi daga ƙungiyar mawaƙa, amma rubutunsa kamar a inji aka buga. Saboda rubutun nan aka tura shi koyon kafinta, ya dawo ya zama malamin aikin hannu, ya yi shekara ashirin da uku yana koya wa yara yadda ake riƙe zarto.

Injin da ya sa aka san shi, wani Bature mai kula da gine-ginen mishan ne ya zo da shi. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya ga nauyin abin ya fi ƙarfin akwatunansa, sai ya bar wa ikilisiya, ya nuna wa Silvanus yadda ake sarrafa shi cikin kwana huɗu, ya tafi. Aka ajiye injin a wani ƙaramin ɗaki da ke bayan majami'a. Da Silvanus ya ajiye alli a farkon shekarun saba'in, ɗakin nan ya zama ofishinsa. Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ƙofa, ƙarfe biyar ya rufe, ba wanda ya sa shi.

Fantogiraf ne sunan injin, amma mutanen gari sukan ce masa mai kwaikwayo, sunan kuwa ya dace. Sanduna huɗu ne na ƙarfe da aka harɗa da ƙusoshi, suna buɗewa suna rufewa kamar almakashi. A gefe guda akwai tsinke marar kaifi da mutum ke riƙewa da yatsu. A ɗaya gefen akwai ɗan haƙori mai kaifi da ke juyawa a kan tagulla. Duk inda tsinken ya bi, nan haƙorin zai bi, sai dai takunsa ƙarami ne: in tsinke ya yi tafiyar inci huɗu, haƙori ya yi ta inci ɗaya. Tsinken kuma ba ya yawo yadda ya ga dama. Dole a haƙa masa hanya a jikin wani babban allo, kamar ɗan ƙaramin lambatu, ya riƙa bi. Wannan allon Silvanus yake kira uwa, domin ita ke haihuwar duk abin da zai fito a kan tagulla, ko guda ɗaya ko ɗari, kuma dukansu kamarta za su ɗauko.

Baturen ya bar akwatin haruffa, waɗanda ake zurawa ɗaya bayan ɗaya a cikin wani dogon maƙali har su ba da suna. Wannan kowa zai iya. Gwanintar Silvanus a wajen yin uwa take. Duk abin da babu shi a akwatin, gicciye ne ko kurciya ko zangarniyar dawa, shi yake yi masa uwa da hannunsa. Zai zana a takarda, ya sa takardar kabon ya sauke zanen a kan ragowar famaika, irin wadda ake lulluɓe tebur da ita, da ya manna wa katako, sannan ya ɗauki ɗan cizal na sassaƙa da ya ƙera daga ƙarfen tsohuwar lema, ya bi layin a hankali. Zurfin hanyar dole ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In ya gama sai ya goga kyandir a ciki, ya rufe ido, ya bi ta da tsinke. Inda tsinke ya yi tuntuɓe, nan zai koma gobe.

Yakan gaya wa masu leƙo shi cewa bai taɓa ganin abu mai gafara irin injin nan ba. In hannunka ya yi rawa a kan uwa, injin zai raba kuskuren gida huɗu ya yafe maka uku. Fasto ya taɓa aron maganar ya yi wa'azi da ita, ya ƙara da cewa Ubangiji yana yafewa har kashi na huɗun. Silvanus ya amince da haka a sha'anin ruhu, amma ba a kan tagulla ba.

Wata shekara ɗan injin lantarkin da ke juya haƙorin ya ƙone. Silvanus ya duba gari kaf bai sami irinsa ba, sai ya duba gida, idonsa ya faɗa kan ƙafar keken ɗinkin Magdalene. Ta tafi taron mata na kwana uku a Kwoi. Da ta dawo ta tarar da kan keken a bisa tebur, an lulluɓe shi da ƙyalle cikin ladabi, ƙafar kuwa tana can bayan majami'a ana takawa. Ya sa wa keken mariƙin juyawa da hannu, ya yi mata bayani har da zane. Ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki jakarta ta shige ɗaki. Waɗanda suka san Magdalene sun ce da ta yi faɗa a ranar, da abin ya zo masa da sauƙi.

A shekarar 1976 aka zaɓe ta shugabar zumuntar mata, kuma abu na farko da ta kai gaban dattawan ikilisiya shi ne maganar ɗaki. Matan suna da ganguna huɗu, da tulunan kiɗa, da manyan tukwanen girkin Kirsimeti, duk a warwatse a gidajen mutane, har ɓera ya ci fatar ganga ɗaya. Ga ɗaki kuma a bayan majami'a, mutum ɗaya ya mamaye shi da ƙarfen da ba ya fitar da komai sai ƙura da sunayen matattu. Ba ta faɗi sunan mutumin ba. Yana zaune a benci na biyu.

Dattawa suka shiga tsaka mai wuya, domin rabinsu ɗalibansa ne, sauran rabin kuma matansu na cikin zumunta. Dattijo Meshak, wanda ya girme su duka, shi ya kawo mafita. Kwamitin bikin nuna amfanin gona da za a yi a Manchok bayan girbi ya riga ya ba Silvanus aikin lambobin yabo. In an karɓi aikin ba ƙorafi, an tabbata injin na da amfani ga jama'a, ya ci gaba da zama inda yake. In aka yi ƙorafi, ɗaki na mata ne. Silvanus ya miƙe ya ce ya yarda, har ya roƙi a rubuta a littafin taro. A hanyar gida Magdalene ta tambaye shi ko miyar kuka yake so ko ta karkashi, kamar ba abin da ya faru.

Lambobin sun haɗa da na citta, da na doya, da na dawa, sai goma sha biyu na shanu. Citta ba ta ba shi wahala ba, don ba wanda zai kalli zanen citta ya ce ba haka take ba. Saniya kuwa daga wani tsohon littafin karatu na 'yan aji uku ya ɗauko ta, ya faɗaɗa ta zuwa inci takwas, ya yi kwana biyar yana haƙa.

Ranar kasuwa Gidaɗo ya leƙo. Makiyayi ne, rugarsa na kan hanyar Kagoro, kuma matarsa Hussaina ce ke kawo wa Magdalene nono shekara da shekaru. In ya shigo gari yakan jingine kekensa a inuwar ɗakin Silvanus, su gaisa, ya ɗan tsaya kallon injin. Ya ɗauki sabuwar uwar, ya nisanta ta da idonsa, ya juya ta, sannan ya tambaya cikin ladabi wace dabba ce wannan, kuma a wane daji ake samunta.

Silvanus ya ce saniya ce.

Gidaɗo ya ce, "Ticha, wa ya cuce ta haka? Ba tozo, ba wuya, ƙaho kamar na ɗan akuya. Hantsa kuwa kamar an rataya mata tulu. In ka ba Bafulatani wannan, zai zaci zaginsa ka yi."

Silvanus ya buɗe littafin ya nuna masa hoton, har da rubutun da ke ƙasansa. Gidaɗo ya ce shi bai iya karatun boko ba, amma ya iya saniya.

Maganar ta tsaya wa Silvanus a rai, domin lambobi goma sha biyun nan a hannun makiyaya za su faɗa, kuma ƙorafi ɗaya ya isa ya raba shi da ɗakinsa. Washegari ya hau keke ya nufi ruga da rula da igiya da littafin zane. Gidaɗo ya zaɓo masa Wule, wata farar saniya da uwarta da kakarta duk a garken ubansa aka haife su. Amma da ya ga igiya sai ya ɓata rai, ya ce ba mai auna saniya sai mahauci. Suka yi ta ja-in-ja a gindin ɗorawa har aka daidaita: za a auna, amma Gidaɗo ne zai riƙe igiyar, yana yi mata magana a kunne don kada ta ɗauka da wata manufa.

A ranar farko Silvanus ya ajiye zanensa a kan kututture ya juya neman fensir, Wule ta cinye takardar. A rana ta biyu ta taka rular ta lanƙwasa ta. Hussaina ta dama masa fura don ya huce, kashegari kuma ta kwashe labarin duka ta kai wa Magdalene tare da nono, har matan zumunta suka ji zancen rular tun bai gama miƙar da ita ba. A rana ta uku Wule ta gaji da shi, ta tsaya cik tana tuƙa, ya zana ta daga hanci har jela.

Abu biyu ne suka bambanta Wule da sauran shanu. Ƙahonta na hagu ya ɗan sunkuya, kunnenta na dama kuma yana da tsaga biyu, alamar gidan su Gidaɗo tun kakanni. Silvanus ɗan ƙauye ne, ya san abin da tsagar kunne ke nufi. Da ya iso wurin a kan famaika, ya daɗe riƙe da cizal bai taɓa ba. Ya yi lissafi a gefen takarda: in injin ya raba tsagar nan gida huɗu, ba za ta kai ƙwayar riɗi ba. Ya kuma tuna shekara ashirin da uku ya yi yana gaya wa yara su zana abin da suka gani, ba abin da suke zato ba. In ya yi kunne sumul, ya zana abin da bai gani ba ke nan. Ya dogara ga gafarar injin, ya haƙa tsagar biyu, ya bar ƙahon a sunkuye.

Kwana tara uwar ta ci. Da lambar farko ta fito daga ƙarƙashin haƙori, ya goge ta da toka da lemun tsami, ya miƙa wa Gidaɗo. Gidaɗo ya daɗe yana kallo. Ya yi wani ɗan murmushi, ya ce yanzu kam an yi saniya.

Ranar biki filin makarantar da aka ara a Manchok ya cika. Doya a jere kamar jarirai, citta tsibi-tsibi, shanu a can gefe a ƙarƙashin mangwaro. Silvanus ya zo da farar riga da ya sha guga. Dattijo Meshak ya zo a madadin dattawa, don ya gani da idonsa. Magdalene ta zo da matan zumunta da gangunansu, su ne masu waƙar buɗe taro. Sakataren kwamitin, Bartholomew, tsohon ɗalibin Silvanus ne, ya buɗe akwatin lambobin ya yaba har sau uku a lasifika. Masu citta suka karɓi nasu suna murna. Masu doya suka rataya a wuya. Silvanus ya saci kallon matarsa, ita kuwa tana gyara ɗaurin kallabi.

Sai aka zo kan shanu. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Babayo, wani dattijon makiyayi daga wajen Kwoi, wanda shi da Gidaɗo suka daɗe suna gasar wa ya fi wani garke. Ya fito a hankali da sandarsa a kafaɗa, ya karɓi lambar da hannu biyu, ya yi godiya. Ya taka sau uku zai koma, sai ya tsaya. Ya kawo lambar kusa da ido, ya karkata ta wajen rana. Ya miƙa wa ƙanensa, ƙanen ya miƙa wa na kusa da shi, ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, ana ƙus-ƙus da Fulatanci, can sai dariya ta ɓarke a gindin mangwaro. Babayo bai yi dariya ba. Ya karɓi lambar ya dawo gaban tebur ya ajiye.

Ya ce, "Malam Sakatare, kwana biyu na yi a hanya da saniyata, a ƙasa. Alƙalanku sun ce ta fi kowace. To, don me za a rataya mini saniyar Gidaɗo a wuya?"

Bartholomew ya ce ai saniya ce kawai, ta kowa da kowa.

"Babu saniyar kowa da kowa. Wannan Wule ce. Ga ƙahonta, ga kunnen gidansu. Na san uwarta."

Bartholomew ya ɗauki lambar ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa, bai ga komai ba. Amma duk makiyayin da aka kira bayan Babayo, kallo ɗaya yake yi wa tasa ya ajiye ta kusa da ta farko, ya yi godiya, ya koma. Lambobi goma sha ɗaya suka taru a kan tebur. Ta goma sha biyun Gidaɗo ne ya karɓa, domin Wule ta zo ta uku a shanun tatsa. Ya rataya a wuya, ya zaga filin sau biyu ba tare da wani dalili ba, yana gaisawa da mutanen da ya riga ya gaisa da su. Daga baya Silvanus ya tambaye shi don me bai faɗa masa za a gane Wule ba tun ranar da ya ga lambar farko. Gidaɗo ya ce ba a tambaye shi ba.

Dattijo Meshak ya ba da rahoto ranar Lahadi bayan sujada. Ya ce shi dai bai ga tsagar ba, amma ya ga lambobi goma sha ɗaya a kan tebur, kuma in wannan ba ƙorafi ba ne, to bai san ƙorafi ba. Aka buɗe littafin taro aka karanta abin da Silvanus da kansa ya roƙi a rubuta. Ranar Talata maza huɗu suka ɗora injin a amalanke, mata suka shigo da ganguna suna waƙa.

Sai da amalanken ya tsaya a ƙofar gida aka tuna da wani abu. Injin ba ya aiki sai a kan daɓen siminti wanda ba tudu ba kwari, in ba haka ba sandunan su karkace. A gidan Silvanus kuwa ɗaki ɗaya ne mai siminti, wato falo, inda Magdalene ta jera kujerun kushin da kabad ɗin tangaran da ba a taɓawa sai ranar Kirsimeti. Silvanus ya aza ma'aunin daidaiton daɓe irin na magina a kowane ɗaki, a gabanta, don kada a ce son kai ne. Aka matsar da kabad, aka shigar da injin.

Kwana biyu bai taɓa shi ba. Yana zaune yana juya uwar a hannu, ga lambobin da Bartholomew ya dawo masa da su a cikin jaka. A rana ta uku idonsa ya faɗa kan akwatin haruffa, sai ya miƙe. In harafi na shiga maƙali ya fita a zura wani, me zai hana kunne? Ya ɗauki siririn zarto ya yanke kunnen daga jikin uwar, murabba'i daidai, ya yanke ƙahonin ma, ya gyara gurbin yadda wani guntun famaika zai shiga ya zauna daram, hanyarsa ta haɗu da ta jikin saniyar ba tuntuɓe. Ya goge fuskar lambobin goma sha ɗaya da magagari har Wule ta ɓace. Sannan ya ba Hussaina saƙo ta baza a rugage: duk wanda ya ajiye lambarsa a Manchok ya zo ya faɗi kunnen saniyarsa.

Babayo ne ya fara zuwa, da mutum biyar. Bai yi dogon bayani ba. Ya tsinko ganyen mangwaro a tsakar gida, ya fito da wuƙa ya tsaga shi yadda kunnen shanun gidansu yake, ya kuma ɗaga hannuwansa biyu sama ya nuna tsayuwar ƙaho. Silvanus ya auna ganyen, ya nemi ya auna hannuwan ma, Babayo ya ƙi. Bayan kwana huɗu ya dawo, aka zura kunnensa da ƙahonsa a jikin uwar, Silvanus ya hau taka ƙafar keken ɗinki, su shida suna zaune a kan kushin suna kallon haƙori. Da lambar ta fito Babayo ya karkata ta wajen taga. Ya ce tozon ya ɗan yi ƙarami, amma ita ce. Ya rataya.

Da a ce goma sha ɗayan nan kaɗai ne, da abin ya wuce cikin wata guda. Amma labari ya bazu cewa akwai wani ticha a Kafanchan da ke sa saniyar mutum a kan tagulla, ita kanta ba wata ba. Waɗanda ba su ci gasa ba suka fara zuwa, da waɗanda ba su ma je Manchok ba. Kowace ranar kasuwa takalma sukan cika ƙofar falo, sanduna a jingine jikin kabad. Bishiyar mangwaron gidan ta fara rasa ganyen ƙasa. Ƙurar tagulla ta shiga tangaran, ta shiga kushin, ta shiga garin tuwo. Baƙo kuwa baƙo ne: Magdalene ta kawo ruwan sha, in azahar ta yi ta kawo buta ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Ba ta iya korarsu ba, domin mutanen masu kunya ne, suna kiranta Inna, kuma ba mai zuwa hannu sake. Man shanu ya cika mata kwanuka har ta fara rabawa maƙwabta.

Wata ranar Alhamis ta dawo daga koyon waƙa da baƙi uku daga Kwoi, matan da take so su ga falonta. Ta tarar da mutum tara a ciki suna gardama a kan ganye guda, mijinta a tsakiya da rula. Ta kai baƙin kicin. Da yamma ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Regina, wannan abu zai ƙare yaushe?"

Ya ce, "Maman Regina, na tambayi Gidaɗo yawan shanun da ke ƙasar nan. Ya ce ba a ƙirgawa."

A taron dattawa na watan da ya biyo baya, bayan an gama maganar rufin majami'a, shugabar zumuntar mata ta ɗaga hannu. Ta ce matan sun yi addu'a a kan maganar ɗakin nan, sun kuma lura ganga ba ta cin wuri in an rataye ta a bango, tukwane kuma suna shiga cikin juna. Saboda haka, cikin ƙaunar Kirista, suna roƙo a mayar da injin. Dattijo Meshak ya tambaya ko a rubuta wannan ma a littafin taro. Ta ce a rubuta, a kuma ja layi a ƙarƙashi. Silvanus yana benci na biyu, yana kallon silin.

Amalanken da ya kai injin shi ya dawo da shi. Silvanus ya auna ɗakin, ya ja layin alli a ƙasa daga ƙofa zuwa taga, rabi na mata, rabi nasa, kuma duk ranar Litinin yakan sabunta layin. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a wurin, har idonsa ya daina ganin bakin haƙori. A lokacin kunnuwan famaika sun cika gwangwanin madara uku, kowanne da sunan mai shi a baya da kyakkyawan rubutun nan. Ƙafar keken ɗinki ba ta koma gida ba. Regina ce ta sayo wa uwarta sabon keke da ta fara aikin jinya.

Sharaɗi ɗaya Gidaɗo ya kafa, tun ranar da ya ga an yanke kunnen Wule daga jikin uwar. Ya ce ya yarda a ara wa mutane jikinta da rana, tunda abin ya zama na jama'a, amma saniyarsa ba za ta kwana da kunnen wani ba. Silvanus ya ga maganar tana kan tsari. Saboda haka kowace yamma, ƙarfe biyar saura minti biyar, zai zare kunnen da aka yi aiki da shi ya jefa a gwangwani, ya ɗauko mai tsaga biyu da sunkuyayyen ƙahon nan ya mayar a gurbinsu, ya rataye uwar a ƙusa kusa da babbar ganga, sannan ya kulle ƙofa.